Ranar da Tanka Ta Juya Mana Alƙibla

Ko na manta da komai na zaman birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na yi limanci a gindin tankar yaƙi ba.

Alhaji, aminin babana, ya zo sarin kaya a kasuwar Baima, yana kuma neman wakilin da zai riƙa tura masa kaya Kano. Ni kuwa ɗalibi ne, aikin nan nake so kamar in yi kuka. Don in burge shi, na kai shi da abokan tafiyarsa biyu wani lambu da aka girke tsohuwar tanka.

Wallahi ni da na kai su ma sai da jikina ya yi sanyi. Ga ta a durƙushe, kanta kamar an kife ƙatuwar tukunya. Na shiga zuba bayani (a hanya na haddace shi): bayan yaƙin duniya na biyu Sin ta ƙera ta a kan samfurin ta Rasha, aka gajarta ta don kada a hango ta daga nesa, aka mulmule kan don harsashi ya zame, mutum huɗu ke matsuwa a cikinta. Alhaji ya ƙwanƙwasa jikinta, ko amo ba ta yi ba.

"Allahu akbar! Ɗan Adam ne ya narka wannan?"

"Zallar ƙarfe ce, Baba," na ce ina hura hanci.

La'asar ta yi, hadari ya rufe rana. Na ɗora wayata a jikin tankar, kibiyar manhajar alƙibla ta nuna, na shige gaba na ja su sallah har da tsawaita sujada.

Da muka idar muka taho, wayar na hannuna. Muna yin nisa da tankar sai kibiyar ta juya a hankali, ta nuna inda muka ba wa baya. Ƙarfen da na gama yabo ne ya ruɗa ta, ga Alhaji yana leƙowa ta kafaɗata.

"Ɗan nan, ina muka kalla?"

"Ina jin... Filifin ne, Baba."

Abokansa suka tuntsire da dariya, ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige. Muka sake sallah, Alhaji a gaba. Yana naɗe dardumarsa ya ce, "Wanda ya kai sallata Filifin, ina zai kai kwantenata?"

Wani daban ya ba wa aikin. Tun ranar, duk abin da ya cika mini ido, sai na matsa nesa da shi kafin in nuna wa mutane hanya.