Yaƙin Malam Nomau da Gyare

Bayan godiya ga Wanda ya tsaga kunne ya zuba ji a cikinsa, ga labarin gwarzo ɗan gwarzo, Malam Nomau ɗan Bawa Mai-jakai, jikan Audi Karya-taɓarya, wanda masana tarihi suka ce ya taɓa yin atishawa a kasuwar Dutsin-Ma 'yan koli suka tattara kaya suna zaton hadari ne ya taso. Nomau na Tabawa, sarkin injin niƙa na unguwarsu, dodon dawa, ajalin masara, mai furfurar gari tun kafin ta Allah ta fito, wanda ya shekara talatin da takwas tsaye gaban inji yana fafatawa da ƙugi da ruri bai ja da baya ko taku ɗaya ba! Inji bai kayar da shi ba, amma ya ci ganimar kunnuwansa.

Da fari bai yarda ba. Cewa ya yi mutanen zamani ne suka koma magana ƙasa-ƙasa kamar magulmata. Haka aka yi ta tafiya har ranar da aka zo majalisa aka shaida masa amininsa Malam Ado ya rasu, shi kuwa ya washe baki ya ce, "Madalla! A ce ina gaishe shi." Da ya gane abin da aka faɗa, sai ya ɗauki buzunsa ya shige gida, ya yi wata biyu bai sake zama cikin mutane ba. Nan 'yarsa Hansatu ta zo daga gidan mijinta, ta sa shi a mota zuwa asibiti a Katsina, likita ya saƙala masa na'urar ji a kowane kunne, 'yar mitsitsiya, ba ta fi ƙwarar dabino ba.

Sai duniya ta dawo masa gaba ɗaya ba sallama. Ya ji kaji, ya ji ɗigon famfo, ya ji takalmin matarsa Tabawa yana jan ƙasa, ya ji taunar goronsa kamar runduna tana tafiya bisa tsakuwa. Duk wannan ya jure shi da haƙurin manyan mazaje.

Rana ta uku Hansatu ta koma ɗakinta, Tabawa ta fita barka a maƙwabta, gwarzon ya sanya na'urarsa da hannunsa karo na farko. Hantsi bai gama ɗagawa ba sai maƙiyi ya yi shelar zuwansa: wata siririyar tsuwa, tsiiii, mai huda ƙwaƙwalwa kamar basilla. Malam Nomau ya miƙe a hankali, ya karkata kai, ya yanke hukunci irin na waɗanda suka san duniya: gyare ne, kuma ba ƙaramin gyare ba, uban gyare ne, mai tsuwa da rana tsaka saboda tsabar raini.

Ya ɗaura ɗamara da tsohon rawani. Ya riƙe tsintsiya a dama, silifas a hagu, ya soke kwalbar fiya-fiya a aljihu, sannan ya leƙa ta katanga ya nemi gudunmawar maƙwabcinsa Isiya mai faci, garkuwar tayoyi, wanda bai taɓa ganin rigima ya wuce ba. Isiya ya ƙetaro da ƙarfen cire taya, ya tsaya tsakar gida ya kasa kunne, bai ji komai ba. Amma da ya matso kafaɗa da kafaɗa da jagoransa, sai idonsa ya fito.

"Wallahi na ji shi, Malam Nomau! Yana nan kusa!"

"Ai na faɗa maka. A ja daga!"

Aka fara da Gumurzun Ƙarƙashin Gado, inda aka ɗaga katifa, aka jawo akwatuna, aka kama takalmi ƙafa ɗaya da ya ɓace tun bara, amma maƙiyi ya sulale. Aka bi shi ɗakin ajiya, inda mazajen biyu, masu shekara ɗari da talatin in an haɗa, suka ja buhu bakwai na masara zuwa tsakar gida suna nishi kamar shanun huɗa, ɓeraye biyu suka miƙa wuya ba tare da an neme su ba. Aka auka wa akurkin kaji, aka tarwatsa zaman lafiyar da ya daɗe tsakanin gidan da zakaransa, har wata kaza ta yi hijira zuwa gidan liman ba ta dawo ba sai washegari.

Sai dai maƙiyin nan ya san dabarun yaƙi irin waɗanda ba a rubuta a littafi ba. Kullum a hagun Malam Nomau yake. In ya juya hagu, tsuwar ta sake komawa hagu; in ya sake juyawa, tana can dai a hagu; har gwarzon ya yi zagaye huɗu a tsakar gida shi kaɗai kamar jakin da aka ɗaure a turke, jiri ya kwashe shi ya dafa bango. A nan, yana haki, ya yi rantsuwar da ta girgiza Isiya: in azahar ta yi bai ga gawar gyaren nan ba, zai cire na'urar ya mayar da ita kwalinta, gara shiru da wannan azaba. Isiya kuwa ya san ma'anar wannan, domin shi ne ya yi wata biyu yana ganin gurbin Malam Nomau a majalisa babu kowa. Ya ƙara damƙe ƙarfensa.

Sansani ɗaya ya rage, gindin randa, wurin sanyi da laima, inda duk mai hankali ya san nan gyare zai kafa fadarsa. Randar kuwa ta Tabawa ce, gadon mahaifiyarta, ta girmi auren kanta. Malam Nomau ya durƙusa ya kara kunnen hagu jikinta, sai tsuwar ta ninka har sau uku.

"Ga shi nan! Isiya, ɗaga!"

Isiya ya zura ƙarfe ƙarƙashinta ya danna da ƙarfin shekara arba'in na cire tayar tirela. Randa ta ɗaga, ta yi ɗan tunani, ta kwanta. Ruwa ya malale tsakar gida ya nufi buhunan masara kai tsaye. A gurbinta babu komai sai wani kwaɗo, wanda ya dubi rundunar da mamaki ya yi tsalle ya ba su wuri. Tsuwa kuma tana nan, tsiiii, ko gezau.

A daidai wannan sa'a Tabawa ta yi sallama. Ta dubi katifa a rana, ta dubi buhuna cikin ruwa, ta dubi gutsattsarin randar uwarta. Isiya ya tuna yana da taya a kan wuta, ya bi ta inda ya shigo. Ita kuwa ta tako har gaban mijinta, ta matso da bakinta kusa da kunnensa don ta faɗa masa abin da ke ranta, sai ta tsaya cak. Ta ƙara matsowa. Sannan ta sa babban yatsa ta danna na'urar hagu, wadda ya sa a karkace tun safe, ta shige mazauninta.

Tsit.

Haka yaƙin ya ƙare, ba a kashe kowa ba, ba a kama kowa ba. Malam Nomau ya tsaya da tsintsiya a hannu, ruwa yana bi ta tsakanin yatsun ƙafarsa. Tabawa ta juya can bakin madafa tana tsince gutsattsari ɗaya-ɗaya a zaninta, tana magana can ƙasan maƙoshi, ita da kanta.

"Shekara arba'in da ɗaya ina fama da mutumin nan. Kai kamar dutsen niƙa."

"Na ji, Tabawa," in ji shi, da 'yar murya.

Ta ɗago ta dube shi daga nesan nan, ta daɗe tana dubansa.

"Ka ji?"

"Ras."

"To alhamdu lillahi. Kwashe buhunan nan daga ruwa."