Masu Ɗanɗana wa Bushiya Gishiri

A wani daji da ke tsakanin rafuka biyu, akwai kasuwa a gindin wata ɗorawa wadda shara ta yi wa yawa, har ƙudaje suka fi masu ciniki. Da abin ya ishi majalisar kasuwa, sai ta kafa doka. Ɓawo da ruɓaɓɓen ganye a kai su ramin taki. Fasasshiyar ƙwarya a kai wa gyartai ya ɗinke. Abincin da ya yi kwantai kuwa a kai shi dandali kafin la'asar, a buga ganga, sanƙira ya kira sunan mai bayarwa da na mai karɓa. Wanda ya saɓa sau uku, a ƙwace rumfarsa a ba wani.

Manyan 'yan kasuwa sun fi son zancen dandalin nan. Gwaggon Biri, mai babbar rumfar 'ya'yan itace, har makaɗi ya ɗauka na kansa, kuma yakan bari gwandarsa ta fara wari tukuna, don kada a ce ya yi gaggawar alheri.

Kusa da shi Bushiya ce mai dambu, wadda ba a taɓa ganinta a dandali ba. Hankaka dubagari ya yi mata gargaɗi sau uku, sannan ya kai ta gaban majalisa.

Raƙumin Dawa ne shugaba, dattijo mai hangen nesa, sai dai abin da ke kusa da ƙafarsa yakan ba shi wahalar gani. Hankaka ya gyara farin ƙirjinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ɓawonta yana zuwa rami, ƙwaryarta tana zuwa wurin gyartai, ban ƙi ba. Amma wata uku ina kan reshe, ban ji an kira sunanta a dandali ba. Ko dai dambunta ba ya kwantai, abin da ba a taɓa yi ba, ko tana zubarwa a ɓoye."

Bushiya ta ce, "Ranka ya daɗe, a rumfar nan uwata ta koya mini turara dambu, ba ta koya mini zubar da abinci ba. Ban zubar ba. Sadaka kuma ban ba kowa ba."

Shugaba ya ce, "To ina yake zuwa, baiwar Allah?"

"Wannan kam a yi mini haƙuri."

Gwaggon Biri, wanda ya daɗe yana sha'awar inuwar rumfarta, ya ce, "Ƙanwata, in ganga ce ba ki da ita, ai da kin yi magana na ara miki."

Abin da majalisa ba ta sani ba shi ne, kullum da yamma Bushiya takan cika ƙore da dambu, ta rufe da faifai, ta bi bayan kasuwa inda tsofaffi suke. Ta ce wa kowanne, "Baba, hayaƙi ya kashe mini harshe, ɗanɗana mini ko gishiri ya ji." Washegari ta karɓi ƙwaryarta a wanke, tare da hukunci: ya ji, ko ya ɗan yi yawa. Tsofaffin nan sun gwammace su wuni da yunwa da sanƙira ya kira sunansu a bainar jama'a.

Shugaba ya ce, "In ba ki da shaida, doka ba ta bar mini zaɓi ba. Gobe ki kwashe tukwanenki."

Bushiya ta sunkuyar da kai.

Sai aka ji motsi daga bayan taro. Tsohon Kunkuru ne, wanda a zamaninsa rabin hatsin kasuwar nan daga rumbunsa yake fitowa. Ya taho a hankali, majalisa ta jira, don ba wanda ya isa ya ce masa ya yi sauri.

Ya ce, "Yarinyar nan ina yi mata aiki. Shekara bakwai nake ɗanɗana mata gishiri, kuma ba ni kaɗai ba ne."

Hankaka ya ce, "Baba, in aiki ne, ai ba sadaka ba ce. Doka sadaka ta ce."

Shugaba ya sauko da wuyansa ƙasa sosai, ya ce, "Baba, faɗa mana. Aiki ne ko sadaka?"

Bushiya ta yi wuf ta ce, "Aiki ne. Ku ɗauki rumfar."

"Yi shiru, 'yata, manya na magana," in ji Kunkuru. Ya miƙe wuya iyakar tsawonsa, ya dubi taron ɗaya bayan ɗaya. "Na auna wa iyayenku hatsi, na san mudu. Ba a ɗanɗana gishiri da ƙwarya cike. Tun ranar farko na san abin da ake kawo mini, ita ma ta san na sani. Na ci, kuma ban taɓa jin na ƙanƙanta ba sai yau da kuka sa na faɗa. Ga sunana, ba sai sanƙira ya wahala ba. Rumfarta kuwa ku bar mata."

A bayansa makauniyar Zabuwa ta tashi tsaye, sai gurgun Zomo, sai wasu da ba a zata ba, har da gwaggon Hankaka kansa, wadda ta ce, "Ɗan nan, ka bar kallon ƙasa, ni ce dai."

Majalisa ta shiga shawara, ta fito ta bar wa Bushiya rumfarta. Dokar ganga ba a taɓa ta ba, domin an ce gyara doka ba aikin rana ɗaya ba ne. Amma tunda zancen gishiri ya shigo, kuma lafiyar jama'a ba abin wasa ba ce, sai aka naɗa kwamitin 'yan majalisa tara da za su riƙa zuwa rumfar kullum su tabbatar da kansu. Har yau suna kan bincike, kuma ba a taɓa jin ɗayansu ya yi fashin zuwa ba.