Ranar da Aka Ji Ina Lallashin Tumatir

Ba zan taɓa mantawa da taron iyaye na makarantar su Usama ba. Ko na so mantawar ma, mutanen unguwarmu ta Nuzla, a nan ƙasar Larabawa, ba za su bar ni ba.

Usama ɗana ne, yana aji biyar. Larabci zar a bakinsa, Hausa kuwa yana ji sarai amma da Larabci yake amsawa. Ajinsu kowa da harshen gidansu: 'yan Burma, 'yan Pakistan, ga namu. Sai malamin kimiyya ya kawo musu wani wasa a kwamfutar hannu. Ana ba ka shukar tumatir a hamada, kai za ka daidaita mata ruwa da haske da taki, in ka kuskure ta langaɓe ta mutu.

Na dawo daga sito a Madinar Masana'antu, na wuni ina ɗora kwali ina sauke kwali, na tarar da yaro a kwance yana ba tumatirin ƙarya ruwa. Na ce halas, wato shi ke nan, na ƙwace.

"Abuya, aikin makaranta ne!"

Na ce mu da muka yi makaranta (aji uku na yi, amma bai sani ba) ba mu ga tumatir a ciki ba.

Don kada uwarsa ta mayar masa, na riƙa tafiya da abin wurin aiki. Ran nan lokacin cin abinci na buɗe, don kawai in ga irin shirmen. Ashe abin har Hausa yake yi! Na tuttula wa shukar ruwa, ta mutu. Abin ya yi mini ciwo. Ni da kakana manomi ne? Na sake. Kafin mako ya zagayo na raɗa mata suna Hajiya, ina barin shinkafata ta huce saboda ita. Duk matakin da na ci sai wani jan maɓalli ya fito da rubutu a ƙasansa. Ban karanta ba. Na dai lura in ka danna ka ɗan jira, sai ya wuce da kai gaba.

Ranar taro na sha farar jallabiya, ga iyaye ga yara cike da zaure. Aka ce wa ke da magana, na miƙe. Na ce wasa wasa ne, karatu karatu ne, ni a gidana na hana, duk uban da ya isa ya yi yadda na yi. Har tafi aka yi mini. Na zauna ina hura hanci.

Malamin ya yi murmushi. "Ya Abu Usama, ai ɗanka ne ya fi kowa maki. Kuma wasan yana naɗar bayanin kowane yaro da harshen da ya zaɓa. Usama Hausa ya zaɓa, ni ba na ji, shi ya sa na ajiye mu saurara tare. Wa zai fassara mana?"

Naɗar me? Jan maɓallin nan ya faɗo mini a rai.

Abu Salih, maƙwabcina Bahaushen Sudan, wanda ba shi da sana'ar da ta wuce tsokanata, ya yi wuf ya karɓi makirfo. Sai ga wata ƙatuwar murya a lasifika:

"Haba Hajiya, me na yi miki? Ruwa na ba ki, taki na ba ki. Au! Gishiri ne a ruwan! Tuba nake, ranki ya daɗe, ɗaga mini ganye ɗaya kawai."

Abu Salih ya juyo ya dube ni, idonsa na ƙyalli. Ya fassara kalma bayan kalma, har da dafa ƙirji. Malamin ya ce, "Ma sha Allah, muryar Usama ta buɗe da wuri." Ya danna na gaba.

"Ta haihu! Wallahi Hajiya ta haihu!" Sai tafi, sai waƙa (e, na yi waƙa). Sai muryar shugabanmu na sito daga nesa: "Ya Abu Usama, yalla, mota na jira!"

Zauren ya kece. Wani dattijo ɗan Burma da bai ji Hausa ko ɗaya ba yana dukan benci yana hawaye. Abu Salih ya kasa fassara, ya tsuguna riƙe da ciki.

Malamin ya share ido ya ce dole a goge makin, Usama ya faro daga farko. Nan ne na ji kunya ta gaske, na kasa duban yaron. Sai na ji ya ja hannun rigata, ya ce da Hausarsa mai ɗingishi:

"Abuya, kai ba ta ruwa da yawa. Saiwa ma tana so iska."

A gaban jama'a na miƙa masa abinsa. Yanzu shi ke shukar, ni ina gefe ina gyara masa Hausa, shi yana gyara mini noma. A Nuzla kuwa har mai kanti in ya gan ni sai ya ce, "Ya jikin Hajiya?"

Abin da na koya bai da yawa. In za ka hana yaro abu, kada ka buɗe shi. In ka buɗe kuwa, ka nemi mai karanta maka rubutun da ke ƙasan jan maɓalli kafin ka miƙe yin wa'azi.