An Nemo wa Kwamfuta Direba

Jama'a, ku taya ni jajanta wa babban yatsana na dama. Tun da na fara sana'ar aski bai taɓa shan wuya irin ta makon jiya ba. An danna shi, an goge shi, an hura masa iska, an sake dannawa, duk don hukuma ta tabbatar ni ne ni.

Asalin maganar, an bi layinmu da lasifika ana shela cewa kowane mai shago ya je ya yi sabon katin izinin sana'a, wanda bai yi ba kafin Litinin za a garƙame masa ƙofa. Ni kuwa wannan shagon, mai kujera biyu da madubi ɗaya da ya tsage a kusurwa, shi ne gonata, shi ne rumbuna. Maƙwabcina mai faci ya ce in rabu da su, burga ce. Amma da idona na ga kwaɗon da aka maƙala wa mai wanki na layin baya, su da wa'adinsu ya riga ya cika. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai ba sai an nuna maka inda ruwa yake ba.

Sunan wurin Ofishin Sauƙaƙa wa Talaka. Allah ya saka wa wanda ya raɗa wannan suna, ko ba komai mutum ya samu abin karantawa yana tsaye a layi. A ciki akwai tebur ɗaya, da wata malama mai tabarau, da kwamfutar nan da ake kira tafi-da-gidanka, duk da mu da muka zo wurinta babu wanda ya tafi gidansa.

Da layi ya zo kaina na ɗora yatsa kan wani ɗan gilashi, ya kawo koriyar fitila. Na ce alhamdulillahi. Sai malama ta kashe kwamfutar.

Na ce, "Malama, lafiya? Ko yatsan nawa ne ya tsorata ta?"

Ta ce, "A'a, Malam, tsari zan canza. Kwamfutar ɗaya ce, amma manhaja biyu ke tafiyar da ita, tsohuwa da sabuwa. In an kunna sai a zaɓi wadda za a shiga."

Wato 'yan haya biyu ke nan a ɗaki ɗaya, katifa ɗaya, sai wannan ya kwanta wancan zai tashi. Na'urar ɗaukar yatsa tun zamanin wani Mai Girma da ya shuɗe aka sayo ta, ba ta jin yaren kowa sai na tsohuwar manhaja. Shi kuwa shafin da ake tura sunanka sama, sabon Mai Girma ne ya yanka masa ƙyalle, ba ya buɗuwa sai a sabuwa. To, in ta ɗauki yatsanka a tsohuwa ta koma sabuwa, sai sabuwa ta ce ita ba ta san da wani yatsa ba, a sake ɗauka a gabanta. A gabanta kuma na'urar ba ta ko tari. Magabata sun ce taura biyu ba ta taunuwa, amma ga hukuma ta cika baki da su tana mana murmushi.

Na ce, "To me ya hana na'urar aiki a sabuwar?"

Ta ce, "Babu direba."

Na waiga ƙofa, na ce, "Bai zo aiki ba ne?"

Ta yi 'yar dariyar gajiya ta ce ba mutum ba ne, wata 'yar ƙaramar manhaja ce mai yin tafinta tsakanin kwamfuta da na'ura, masu abin suka sa mata suna direba. Direban da ke akwai na tsohuwar ne, ba ya dacewa da sabuwar, waɗanda suka ƙera na'urar kuwa sun daɗe da rufe shago. Na gyaɗa kai kamar na daɗe da sani. A zuciyata kuwa kwaɗo kawai nake gani, don aski ya zo gaban goshi.

Ana cikin haka sai ga jiniya. Mai Girma Uban Sauƙi, Garkuwan Masu Layi, ya kawo ziyarar ba-zata, wadda tun safe ake share masa hanya dominta. Ya shigo da ƙanshin turare da masu ɗaukar hoto, ya dube mu kamar buhunan da aka manta a sito.

Ya ce, "Me ya sa layin nan ba ya tafiya?"

Malama ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, matsalar direba ce."

Ya ce, "Direba? A ƙarƙashina a ce aiki ya tsaya saboda direba? Ga direbobi nan suna zaman kashe wando!"

Ta ce, "Yallaɓai, ba irin wannan..."

Ya ce, "Direba direba ne, 'yata. Ku yaran yanzu komai sai kun wahalar da shi."

Aka yi tafi. Ni kuwa ilimin da na samu ɗazu ya fara yi mini ƙaiƙayi a maƙogwaro. Har na ɗaga yatsan nan da ya sha wuya, na buɗe baki zan wayar wa Mai Girma da kai. Sai na ji ya ce wa na kusa da shi, "Wace mota ce a ajiye yau?" Aka ce, "Ta masu rufe shaguna ce, ranka ya daɗe." Ya ce, "A kawo direbanta nan. Daga yau shi ne direban kwamfuta, kar ya motsa sai aiki ya daidaita."

Na mayar da yatsana aljihu. Na rufe bakina, na kama tafi, har na fi kowa ƙarfi.

Ranar Litinin na buɗe shago. Ko babur ya wuce sai in waiga ƙofa da almakashi a hannuna, har na kusa mayar da gashin bakin wani bawan Allah rabi. Maman yara ta aiko sau ba adadi tana tambaya ko sun zo. Rana ta take, ta karkata, ba mota ba kwaɗo.

Da yamma sai ga wani dattijo mai furfura ya zo gyaran fuska, na gane shi, direban kwamfuta ne, wanda aka kawo ofis ran nan a gabana. Na kwantar masa da kujera, na sa sabuwar reza, na ce, "Baba direba, yaya sabon aiki?"

Ya ce, "Wallahi tun da nake tuƙi ban taɓa samun mota mai daɗin wannan ba. Ba rami, ba mai, ga fanka a kaina. In malama ta ce tsohuwa, in danna. In ta ce sabuwa, in danna. Giya biyu ce kacal."

Na ce, "Tana tafiya kuwa?"

Ya ce, "Ina fa! Amma tana tashi."

Na tambaye shi labarin masu kwaɗo. Ya ce suna nan ƙarƙashin bishiya da buhun kwaɗunansu, doka ta hana kowa taɓa motar in ba direbanta ba, shi kuma Mai Girma ya hana shi motsi. Ya ƙara da cewa kwamiti ya zauna, ya gano inda gizo ke saƙa: tunda manhaja biyu ce, direba ɗaya ya yi kaɗan. Za a kawo na biyu, kuma ana maganar direban masu kwashe kayan 'yan tireda ne. Mai faci, da ya kasa kunne daga bakin ƙofa, ya ɗaga hannu sama ya ce Allah ya ja zamanin Uban Sauƙi.

Ashe gaskiya ne, wani hanin ga Allah baiwa ne. Har yau ba ni da kati, har yau shagona a buɗe, kuma a karo na farko ofishin nan ya ci sunansa.

Saboda haka ina roƙon samarin nan masu ilimin kwamfuta, don girman Allah, duk wanda ya san ma'anar direba ya ja bakinsa ya yi shiru. In abin ya ci ransa, ya zo shagona ya faɗa mini a kunne. Askinsa kyauta ne.