Rasuwar Ƙwan Fitilar Madubin Malam Babaji

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, Malam Babaji, mai gwajin jini a wani ƙaramin asibiti da ke Ƙofar Ƙaura, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar ƙwan fitilar madubinsa na duba ƙwayoyin cuta. Ya cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara shida a bakin aiki, yana haska jinin wata yarinya da aka kawo daga Batagarawa.

Marigayin mai haƙuri ne, amma ba ya son garaje. Kullum da safe Malam Babaji kan murza masa maɓallin haske a hankali, kamar mai tayar da tsoho daga barci. Sannan ya ɗaga kwandensa, gilashin nan mai tattara haske daga ƙasa, ya tsuke ƙofar hasken har ta koma 'yar da'ira, ya kawo ta tsakiya da 'yan kusoshi biyu, ya sake buɗe ta daidai iyakar abin da ido ke gani. Ko yatsa bai taɓa ɗora masa ba, sai da hankici. Marigayin kuwa bai san ƙarin gishiri ba: in akwai maleriya ya nuna, in babu ya sallami mutum. Maganarsa duka ba ta wuce "ƙis" in an kunna, "ƙis" in an kashe.

Jinyar ta faro ne bara. Malam Babaji ya ce haske ya fara dushewa, sai ya ƙara murzawa. Bayan wata biyu ya sake ƙarawa, ya wangale ƙofar hasken, ya cire shuɗin gilashin da ke tace shi, har maɓalli ya kai bango. Abokiyar aikinsa Hajiya Maryam, duk sanda ta leƙa sai ta ja baya tana hawaye, ta ce ita dai rana ta gani, ba jini ba. Ya ce raki ne kawai. Ya zargi wutar gari, ya zargi janareta, ya zargi marigayin da tsufa. Ranar Talata, Malam Babaji na gama rubuta cewa jinin yarinyar lafiya lau, sai aka ji "fat!"

Hajiya Maryam ta ɗauko tsohon madubi mai aiki da hasken rana, ta kai bakin taga, ta sake duba jinin. Ƙwayoyin maleriya sun cika shi maƙil. Da ƙyar aka cim ma uwar a bakin titi tana tare ɗan acaɓa, yarinyar a goye, jikinta kamar garwashi. An dawo da su, an kwantar da ita. Malam Babaji ya sa ido a wannan madubin, rana na shigowa tar, bai ga komai ba sai hazo. Nan ya gane wanda ke jinya tun bara. Tsoro ya kama shi, don bai san takardar mutum nawa ya sa wa hannu cikin wannan hazon ba.

Marigayin ya bar gilasan hange huɗu, da kwandensa, da rabin kwalbar man da ake ɗigawa a kan jini kafin a duba, da maigida ɗan shekara hamsin da takwas wanda bai iya wata sana'a ba. Maigidan yana roƙon duk wanda ya ji shi yana aibata marigayin ya shaida cewa ya janye. Laifi tudu ne, ya taka nasa ya hango na ƙwan fitila.

Za a naɗe shi a hankicin nan, a kwantar da shi a durowar hagu ta teburin gwaji, ranar Alhamis da ƙarfe takwas na safe. Babu zaman makoki. Masu ta'aziyya su nemi Hajiya Maryam, ita ke kan kujerar yanzu, da sabon ƙwan fitila da take kunnawa a rabi kawai. Malam Babaji ba zai tsaya karɓar gaisuwa ba. Ƙarfe tara yana da layi a asibitin ido, kuma an ce ya zo da wanda zai riƙo hannunsa ya mayar da shi gida.