Rasuwar Kaka, Ogan ɗin Zauren Jami'a

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, ni Vahe Terziyan, mai gyaran muryarta shekara talatin da ɗaya, nake sanar da rasuwar Kaka, babbar ogan, wato abar kiɗa mai bututu, ta zauren taron jami'armu a nan Beirut. Ta cika ranar Talata da hantsi, a hannun kafintoci shida da suka kwance ta, tana da shekara casa'in da huɗu.

Marigayiya ba ta taɓa ƙin aiki ba. Ta yi kiɗan yaye ɗalibai, ta yi wa malamai da yawa bankwana. Lokacin yaƙi, da harsashin igwa ya tsaga gungumen da ke riƙe da rufi, mahaifina ya tokare shi da katakon bayanta, kamar yadda kowa ya tokare gidansa da abin da ya samu. Ba a rubuta ba. Wa yake ta rubutu a lokacin? Tun daga ranar take ɗauke da rufin a ka.

Ciwon ajali ya soma bara. Bututunta mafi tsawo ya riƙa nishi shi kaɗai, "huuum", ba mai taɓa shi. Kwamitin zauren ya ce tsufa ne, a cire ta, ni na ce nauyin rufi ne. Sau uku ina zuwa wurin shugabar kwamitin, Madam Nuhad. Ta ce, "Malam Vahe, so ne ya rufe maka ido. Injiniya ya duba takardun ginin, bai ga komai ba." Gaskiyarta, a takarda babu komai.

Ta bar bututu dubu biyu jibge a tsakar fili, da zugazugan fata guda biyu, da ni. Ta kuma bar wani farin gari da ke zubowa daga rufi tun ranar Laraba, ana share shi kowace safiya.

Motar masu tsohon ƙarfe za ta ɗauke ta ranar Juma'a da la'asar, ta ƙofar jami'a mai kallon teku. Za a karɓi gaisuwa a gidana, akwai gahawa mai ɗaci.

Ranar Asabar kuma bikin yaye ɗalibai. An riga an jera kujeru a gurbin da ta bari, kuma 'yata Araksi tana layi na biyu. Na roƙe ta har da hawaye kada ta shiga zauren, domin tsoro nake ji. Ta sumbaci goshina ta ce, "Haba Baba, shekara huɗu fa nake jiran ranar nan."

Na nemi alfarma a ba ni kujera kusa da ita, an ba ni.