Ɗan Kunnen Kaka a Kwamin Zinariya

"Sannu da aiki, mai gida," in ji Kaka, da muryar da ba ta yi kama da gaisuwa ba.

Tun safe take zazzage ɗaki tana neman ɗan kunnenta ɗaya, wanda marigayi mijinta ya saya mata. Ranta ya gama ɓaci. Sai ga jikanta, ƙato da gemu, tsugune a bakin famfo gaban wani dogon kwamin katako da ya harhaɗa. Ya shimfiɗa kafet a ciki, ya buga 'yan sanduna a gicciye. Wai da shi zai riƙa zuwa rafi ranar hutu yana tace zinariya.

"Yauwa tsohuwa. Matsa, kar inuwarki ta kore mini arziki."

"Arzikin wa? Kai da ko takalminka na aro ne? Ina ɗan kunnena?"

"Aronsa na yi. Ai sai an gwada da zinariya ta gaske. Na cusa shi a yashi na kwara ruwa. Yashi ya wuce, ita zinariya nauyi gare ta, sai ta maƙale bayan sanduna."

"A yashi? Kai, ka ci amanata! Yau sai ka sake ni, na gaji da auren nan!"

"In na sake ki wa zai kwasa? Haƙori biyu, su ma ba sa ga maciji."

"Da su zan cire maka kunne. Fito mini da abina!"

Ya ɗaga kafet yana taƙama. Wayam. Kaka ta zube a bakin kwata tana damƙar laka da hannu, tana zaginsa tun daga gemu har ƙafa, sai da ta zaƙulo ɗan kunnen can cikin yashin da ruwa ya kwashe.

"Ba ni in sake gwadawa," in ji shi. "Gangaren ne ya yi yawa."

Ya tare bakin kwamin da bokiti, ya rage gangare, ya mayar da ɗan kunnen cikin yashi, ya kwara ruwa. Ɗan kunne ya tsallake sanduna ya faɗa bokiti. Ya sake, haka. Sai ya miƙe a fusace ya ɗauko guduma.

"Aikin banza! Duk wahalar da na sha!"

Kaka ta dubi yatsansa da ƙusa ta fasa, tausayi ya kama ta. Ta riƙe gudumar.

"Ajiye, sakarai. Kwaminka lafiyarsa lau. Ɗan kunnen ne ba zinariya ba."

"Kaka!"

"Kekensa kakanka ya sayar ya sayo mini, aka cuce shi a kasuwa. Tun makon farko maƙeri ya gaya mini. Har ya rasu yana nuna wa mutane kunnena yana washe baki, ban taɓa faɗa masa ba. Sai yau kai da katakonka kuka tona."

Ya wanke ɗan kunnen a famfo, ya saka mata da hannunsa.

"Zan samo miki na gaske, matata."

Ta yi dariya tana share ido da gefen zani.

"Samo ka ba budurwarka, in akwai mai son ka. Ni wannan ba zan cire ba."